Ƙananan Miyagun Mujallun Zane Na Amurka: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Kwanakin baya wani abokin aikina ya shigo ofishina ya tarar da ni na duƙufa a kan wani jadawali cike da sunaye da lambobi da shekaru. Ya zaci sakamakon jarrabawar ɗalibai nake haɗawa. Da na shaida masa cewa sunayen ƙananan miyagu ne na mujallun labaran zane na ƙasar Amurka, tare da lambar fitowar da kowannensu ya fara bayyana a cikinta, sai ya tuntsire da dariya ya ce, "Haba Dakta, duk matsalolin da suka addabi jama'a ba ka ga abin nazari ba sai tatsuniyar 'ya'yan Turawa?" Ban tanka masa a lokacin ba domin ɗalibai na jira na a aji. Amma tambayar ta cancanci amsa, kuma na san da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi za su so su yi mini irinta.

Bari in fara da bayyana su wane ne nake nufi. Kamfanoni biyu ne suka mamaye wannan sana'a a Amurka, wato DC da Marvel, kuma su suka mallaki jarumai irin su Batman da Superman da Spider-Man. Kowane jarumi yana da manyan abokan gaba, irin waɗanda yaranmu masu kallon fim ke kira bos, kamar Joker ko Lex Luthor, waɗanda duniya ta san da zamansu. To a bayan waɗannan akwai ɗaruruwan wasu da aka ƙirƙira domin su cike shafuka takwas ko goma na wata guda, jarumi ya lakaɗa musu duka, a jefa su kurkuku, a manta da su. Ni kaina a cikin tsofaffin mujallun da muke saye a wajen masu baza littattafan gwanjo a bakin titi na fara gamuwa da su ina yaro, galibi bangon ya yage, ba ka san farkon labari ba balle ƙarshensa. Sai da na girma na gane cewa kowane ɗaya daga cikinsu yana da ranar haihuwa a rubuce, yana kuma da mutanen da suka yi gumi a kansa.

Ɗauki misalin shekaru huɗu kacal na mujallun Batman. A watan Satumba na 1958, a fitowa ta 259 ta Detective Comics, aka fito da Calendar Man, ɓarawon da ba ya aikata laifi sai ya dace da wani yanayi ko wata rana a kalanda. A Fabrairun 1959, fitowa ta 121 ta mujallar Batman ta zo da Mr. Zero, mai bindigar da ke daskarar da mutane. A Agustan 1960, fitowa ta 133 ta kawo Kite Man, wanda makaminsa shi ne abin wasan nan na yara da ake ɗaura wa zare a saki iska ta ɗaga shi sama. A Fabrairun 1962 kuma, fitowa ta 300 ta Detective Comics ta gabatar da wani mai riga mai ɗige-ɗige, wanda yake ɓalle ɗigo ɗaya daga jikin rigarsa ya rikiɗe ya zama makami. Shi ne aka fi sani yau da Polka-Dot Man. Kowane watan da na ambata shi ne wanda aka buga a bango, domin al'adarsu ce su sa watan da ya ɗara ranar fitowa kasuwa da wata biyu ko uku, don kada masu sayarwa su yi saurin kwashe mujallar daga kanta.

Mai karatu zai ce wannan ai shirme ne, kuma ba zan yi masa musu ba. Amma shirmen yana da dalili. A shekarar 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya wallafa littafi inda ya ɗora wa mujallun zane alhakin lalacewar tarbiyyar yara, kuma a watan Afrilun wannan shekarar wani ƙaramin kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna sauraren bahasi a kan batun. Tun kafin nan, a 1948, an riga an tara irin waɗannan mujallu an cinna musu wuta a wasu garuruwa. Masu buga mujallun suka ga idan ba su yi wa kansu linzami ba gwamnati za ta yi musu, sai suka kafa hukumar tacewa ta ƙashin kansu. Ƙa'idojinta sun hana a nuna dalla-dalla yadda ake aikata laifi, sun hana a zana mai laifi ta yadda za a tausaya masa, sun hana a zubar da mutuncin ɗan sanda ko alƙali, sun kuma wajabta cewa a kowane labari nagari ne zai yi nasara. Kamfanin EC, wanda ya yi fice a labaran ban tsoro, dole ya rufe waɗannan mujallun nasa.

To yanzu ka sa kanka a matsayin marubucin da ake biya bisa yawan shafi, wanda edita ke jiran sabon labari daga gare shi kowane mako, a mujallar da kan ɗauki labarai har uku a fitowa ɗaya. An ce ka kawo mugu, amma kada ya tsorata yaro, kada ya koya masa sata, kada kuma ya ba shi tausayi. Me ya rage maka? Sai ka ɗauki wani abu na yau da kullum, kalanda ko gam ko bakan gizo, ka gina mutum a kansa. Ba na cewa hukumar tacewa ce ta haifi irin waɗannan miyagu, domin tun 1947 an yi wani Penny Plunderer da ya haukace a kan kwabo. Abin da ta yi shi ne ta kori sauran ta bar musu fili. Shi wannan mai kwabon ma labarinsa abin dariya ne: an manta da shi kwata-kwata, amma ƙaton kwabon da ya fito a labarinsa yana nan ana zana shi a kogon Batman shekaru sama da saba'in, har wasu marubutan baya suka jingina kwabon ga wani mugun daban da ya fi shi suna.

A matsayina na ɗalibin harshe, sunayen ne suka fara jan hankalina. Tsarin mai sauƙi ne, a ɗauki sunan abu a liƙa masa kalmar da ke nufin mutum, daidai da yadda Bahaushe zai ce Mai Kalanda ko Mai Ɗige-ɗige. Sannan a ba shi sunan yanka da ke tona asirin sana'arsa tun kafin ya fara ta. Calendar Man sunansa Julian Day, wanda ke nuni da tsohuwar kalandar Rumawa. Rainbow Raider, abokin gabar Flash da ya fito a 1980, sunansa Roy G. Bivolo, kuma haruffan farkon sunan su ne haruffan farko na launuka bakwai na bakan gizo a Ingilishi. Kite Man kuwa an raɗa masa Charles Brown, sunan yaron nan na zanen Peanuts wanda kullum abin wasansa ke maƙalewa a bishiya. A ɓangaren Marvel, an fito da Paste-Pot Pete a Janairun 1963, mai harba gam; sunan ya zama abin tsokana har a 1965 aka sauya masa zuwa Trapster, amma har yau marubuta kan sa jarumai su kira shi da tsohon sunan don su ba shi haushi. Duk wanda ya taɓa fama da sunan tsokana na makarantar firamare ya san zafin wannan.

Sai dai ba duka sunayen ne ke ba da dariya ba. A 1965, a fitowa ta 157 ta Wonder Woman, aka kawo Egg Fu: ƙaton ƙwai mai launin rawaya, mai dogon gashin baki, ɗan leƙen asirin 'yan gurguzun ƙasar Sin, wanda aka rubuta maganarsa da gurɓataccen Ingilishi yana musanya harafin r da l. Wannan ba komai ba ne illa izgili ga al'umma guda, kuma da harshe aka yi shi kafin a yi shi da zane. A 1969, a fitowa ta 62 ta Avengers, Roy Thomas da John Buscema suka ƙirƙiro M'Baku, Baƙar fata ɗan ƙasar Wakanda ta ƙage, wanda ya kashe farin goggon biri ya ci namansa ya yafa fatarsa, aka kuma yi masa laƙabi da Man-Ape, wato mutum-biri. Shekaru arba'in da tara bayan haka, da aka zo yin fim ɗin Black Panther na 2018, masu shirya shi suka bayyana a fili cewa ba za su kira Baƙar fata da wannan laƙabi ba. Suka bar masa M'Baku kawai, Winston Duke ya fito a matsayinsa da karin harshe da ya ɗauko daga Ibo, kuma ya zama ɗaya daga cikin waɗanda masu kallo suka fi so. Ko waƙafin saman da ke cikin sunan abin lura ne. A Hausa alamar tana da aiki, ita ce ke nuna tsayawar maƙogwaro a kalmomi irin su sana'a da jama'a. A sunayen Wakanda kuwa, a nawa ganin, ado ce kawai da aka aro daga yadda Faransawa suka rubuta sunaye irin su N'Djamena, domin mai karatu a New York ya ji ƙanshin Afirka.

Wanda bai san tarihin bugun ba zai kalli fim ɗin ya tashi da zaton cewa haka M'Baku yake tun asali. Manyan miyagu irin su Joker ana yi musu kwaskwarima a kai a kai, ta yadda tabon kowane zamani ke gogewa. Ƙananan kuwa, da yake ba wanda ya damu da su, sukan zauna shekaru da dama yadda aka bar su, da duk wani son zuciya da tsoro na shekarar da aka haife su. Calendar Man bai sake fitowa ba sai 1979, bayan shekaru ashirin da ɗaya. Polka-Dot Man ya yi shekaru talatin da huɗu a kwance kafin a tuna da shi a 1996. Mai son ya san abin da editan Amurka yake ganin ya dace da yaro a 1958 ko 1965, a wajensu zai same shi ba a taɓa ba.

Yawansu ya taɓa damun kamfanonin kansu. A tsakiyar shekarun 1980 wani editan Marvel, Mark Gruenwald, wanda shi ne ya jagoranci haɗa kundin da ya tattara bayanan duk mutanen labaransu, ya ga cewa miyagun da ba su da amfani sun yi yawa. Sai ya ƙirƙiro wani makashi mai suna Scourge wanda aikinsa kawai shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana harbewa. A fitowa ta 319 ta Captain America, ta Yulin 1986, makashin ya ritsa da 18 daga cikinsu a wata mashaya inda suka taru don shawarar yadda za su kare kansu, ya karkashe su a shafuka kaɗan. Wato edita ya yi sharar ofis, ya kuma sayar wa masu karatu da sharar a matsayin labari. Amma sharar ba ta ɗore ba, domin a 2009 wani marubucin ya sa an tashe su daga kabari a mujallar Punisher. Kamfani ba ya jefar da abin da ya mallaka.

Kuma kamfanin yana da gaskiyarsa, domin raina kama ka ga gayya. Mr. Zero na 1959 sau ɗaya ya fito aka ajiye shi. Shirin talabijin na Batman na 1966 ne ya tono shi ya sauya masa suna zuwa Mr. Freeze. A 1992 Paul Dini ya rubuta masa sabon asali a shirin zane mai motsi, inda ya zama masanin kimiyya da ke neman ceto matarsa mai ciwon ajali, kuma wannan kashi ya ci lambar yabo ta Emmy. Jeph Loeb da Tim Sale suka mai da Calendar Man abin tsoro a The Long Halloween tsakanin 1996 da 1997. Tom King ya ba Kite Man ɗa a 2017, ya sa Riddler ya kashe yaron, sai ga abin dariyar jiya yana sa mutane hawaye. A 2024 har shirin kansa aka yi masa. Polka-Dot Man ya shiga fim ɗin The Suicide Squad a 2021. Spot, wanda Al Milgrom da Herb Trimpe suka fito da shi a farkon 1985 a matsayin wawan da ramuka suka cika wa jiki, shi ne babban mugun fim ɗin Spider-Man na zane na 2023. Ni dai in an tambaye ni, wannan dabara ta ɗauko kowane wawa a kashe masa ɗa ko a kwantar masa da mata ta fara gundurata. Ta yi kyau a hannun Dini, ta yi kyau a hannun King, amma ta zama girki ɗaya da ake ta ɗumamawa. Na fi son abin da Nick Spencer da Steve Lieber suka yi a The Superior Foes of Spider-Man daga 2013, inda suka bar ƙananan miyagun a matsayinsu na matsiyata maƙaryata masu cin amanar juna, kuma labarin ya yi armashi a hakan.

To a nan ne batun ya daina zama na wasa. Idan abin da aka ƙirƙira cikin dare ɗaya don a cike shafi takwas zai iya zama jarin fim na miliyoyin daloli bayan shekaru sittin, tambayar wanda ya ƙirƙire shi ta zama tambayar kuɗi da haƙƙi. Kusan dukkan waɗannan marubuta da masu zane aikin ƙodago suka yi: a biya ka kuɗin shafi, abin da ka ƙirƙira ya zama na kamfani har abada. Sanin kowa ne a wannan fage cewa Jerry Siegel da Joe Shuster sun sayar da Superman a kan dala 130 a 1938. Daga baya DC ta ɓullo da tsarin ba masu ƙirƙira wani kaso idan aka yi amfani da abin da suka ƙirƙira a fim, kuma wannan ya haifar da wani abin mamaki. A 2017 Jim Starlin, wanda ya ƙirƙiro Thanos, ya bayyana cewa kuɗin da DC ta biya shi a kan wani ƙaramin mugu, KGBeast na 1988, wanda ya ɗan leƙo a fim ɗin Batman v Superman, ya fi duk abin da ya samu zuwa lokacin a kan Thanos da Gamora da Drax a finafinan Marvel idan aka haɗa. A 2021 jaridar Guardian ta Ingila ta ruwaito cewa abin da Marvel ta saba ba marubucin da aka yi fim da aikinsa shi ne dala 5,000 da takardar gayyata zuwa bikin fara nuna fim.

Na yarda lamarin yana da sarƙaƙiya. Wa ya ƙirƙiro Mr. Freeze? Dave Wood da Sheldon Moldoff da suka yi Mr. Zero a 1959, ko masu shirin talabijin da suka ba shi suna, ko Dini da ya ba shi zuciya? Kamfani zai ce ba don ya ci gaba da buga mujallar shekara da shekaru ba, da babu wanda zai tuna da ɗayansu, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma ba za a ma fara wannan muhawara ba sai an san wa ya yi me, a wace fitowa, a wace shekara. Jadawalin da abokina ya yi wa dariya shi ne shaidar farko da mai neman haƙƙi zai gabatar. Nakan tuna da wannan duk lokacin da na ɗauki ɗaya daga cikin littattafan adabin kasuwar Kano na shekarun 1990 na juya shi gaba da baya ban ga shekarar bugu ba.

Su waɗannan miyagu uku da na fara lissafawa, Calendar Man da Kite Man da Polka-Dot Man, mutum ɗaya ne ya rubuta su, sunansa Bill Finger. Amma da ka buɗe mujallun a lokacin da suka fito ba za ka ga sunansa ba; idan ka ga suna, to na Bob Kane ne, domin yarjejeniyar Kane da kamfanin ta tanadi cewa shi kaɗai za a riƙa ambata a matsayin wanda ya ƙirƙiro Batman. Finger shi ne ya rubuta labarin Batman na farko a fitowa ta 27 ta Detective Comics a 1939, shi ya ba da shawarar kamannin rigar, shi ya raɗa sunan Bruce Wayne. Moldoff ma, wanda ya zana biyu daga cikin ukun, daga 1953 zuwa 1967 yana zane a ɓoye Kane yana sa hannu. Sau ɗaya Finger ya ga sunansa a jikin Batman a allon talabijin, a 1966, kuma a kan labarin wani ƙaramin mugu ne mai suna Clock King, mai laifi da agogo. Ya mutu a Janairun 1974 a ɗakinsa a New York, ba shi da komai.

Masu sha'awar mujallun ne, irin waɗanda ake yi wa kallon marasa aikin yi, suka yi ta bin fitowa bayan fitowa suna tantance salon rubutu da na zane, suna tambayar tsofaffin ma'aikata, har suka iya cewa wannan labari na Finger ne, wancan zane na Moldoff ne ko na Dick Sprang. Marc Tyler Nobleman ya wallafa littafi a kan rayuwar Finger a 2012, ya kuma gano cewa yana da jika a raye wadda za ta iya tsayawa a kan maganar. A Satumban 2015, shekaru arba'in da ɗaya bayan mutuwarsa, DC ta sanar da cewa za ta fara sa sunansa.

Ko a nan ma sai da aka yi ciniki a kan kalma ɗaya. A wajen Superman, kalmar "and" ce ke tsakanin sunan Siegel da na Shuster, wato wane da wane, kafaɗa da kafaɗa. A wajen Batman kuwa "with" aka sa, wato Bob Kane tare da Bill Finger, kamar yadda za a ce maigida ya zo tare da yaronsa. Haka ake rubuta shi har yau a kowace mujalla da kowane fim.